Domen ɗin Sajo

Cadawa, 3 ga Nuwamba 2010

Yaya Tijjani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Nusaiba da yara. Yaya, ina cikin tashin hankali. Ka tuna bara mutanen proje, masu aikin tallafin nan, sun buɗe mini shafi a intanet don masu sayen cuku daga Yamai su same ni? Da suka ce in zaɓi suna na ce sunan Baba, Sajo, suka rubuta shi Sadjo kamar yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa.

Shekaranjiya aka kawo mini takarda da Faransanci, har da hatimi biyu, daga aboka, wato lauyan kamfanin madarar Sadjor, wannan ta gwangwani da ke kowane shago. Ka san karatuna na lakol bai yi nisa ba, sai na kai wa Rabilu, tsohon mai gadin buro, ofishin gwamnati. Ya karanta ya dafe kai. Ya ce wai na saci sunansu, kuma cikin kwana ashirin in ba su domen ɗina ko a shiga shari'a. Na ce mene ne domen? Ya ce ai kowa ya san buron domen, nan ake harkar filaye. Gonar Baba da ta faɗo a rabona suke so ke nan.

Na kashe salula don kada su kira ni, kuma an ce tun da sojoji suka hau mulki ana sauraron maganar mutane. Ka amsa ta hannun direba. Ni dai tsoro nake ji.

Ƙanwarka, Zalika.

Gidan Rumji, 7 ga Nuwamba 2010

Zuwa ga Zalika,

Na ga saƙonki, kowa lafiya. Ke dai tun kina ƙarama ba a raba ki da gaggawa. Rabilu gadin buro ya yi, bai taɓa zama kan teburi ba, Faransancinsa na bakin ƙofa ne. Ban ga abin da kamfanin madara zai yi da gonar gero a Cadawa ba. Amma ba zan yanke magana a kan takardar da ban gani ba. Ki aiko mini ita kanta. Kada ki sa hannu a komai, kada ki ƙara nuna wa kowa.

Yayanki, Tijjani.

Cadawa, 11 ga Nuwamba 2010

Yaya,

Ina gaisuwa. Ga takardar nan, amma maganar ɓoyewa ta wuce, Rabilu ya riga ya baza ta a kasuwa. Mata sun daina zuwa sarin cuku, wai kada a rubuta sunansu. Jiya motar jandarma ta tsaya a bakin layinmu, ashe ruwa za su zuba mata, ni kuwa har na shige bayan rumbu. Abinci ba ya shiga.

Alhaji Buba mai gonar da ke iyaka da tamu ya zo jaje har sau biyu. Ya ce ya san wani a Gazawa da aka yi wa haka, gona ta tafi, shi kuma aka ɗaure shi a kaso. Ya ce in gonar ba ta hannuna ba abin da za su kama. So yake in sayar masa, na ce zan yi shawara. Kai kana can kana cewa gaggawa, ni ce za a ɗaure, kuma saura kwana goma. Wai sunan ubana ne na sata? Shekara sittin ana kiransa Sajo kafin mu taɓa ganin gwangwaninsu.

Zalika.

Gidan Rumji, 15 ga Nuwamba 2010

Zalika,

Ki karanta wannan a tsanake. Na kira ki ya fi sau goma, salula a kashe. Na karanta takardar, na kuma kai wa wani aboka a Maradi. Babu gona a ciki, ko kalma ɗaya. Domen a nan sunan shafin intanet ne kawai. Harafi ɗaya ya raba Sadjo da Sadjor, kuma ku duka kayan nono kuke sayarwa, shi ya sa suke tsoron a ɗauka kayanki nasu ne. Aboka ya ce ko shari'a aka yi kina da abin faɗa tunda sunan mahaifinki ne, amma mafi sauƙi ki sakar musu, proje su buɗe miki wani. Ba kaso, ba jandarma.

Alhaji Buba kuwa tun Baba na da rai yake neman gonar nan. Kada ki saurare shi. Ranar Juma'a ina tafe in sha Allahu.

Yayanki, Tijjani.

Cadawa, 17 ga Nuwamba 2010

Yaya,

Takardarka ta iso yau Laraba, motar ta lalace a hanya. Ranar Litinin ni da Alhaji Buba muka je gaban mai gari da shaidu huɗu, na sayar masa da gonar, na dangwala hannu. Ɗazu na tafi wurin Alhaji da kuɗinsa a ƙulle yadda ya ba ni, ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Amalankensa ma na can suna zuba taki.

Ka zo Juma'ar, amma don Allah kada ka yi mini faɗa a gaban mutane.

Ƙanwarka, Zalika.