Inna ta hana ni motsa jiki, kuma ni kaɗai na san dalili

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, duk da na san na cancanta.

Ni dattijo ne, na haura sittin, tsohon malamin makaranta, ina zaune Kurfi gida ɗaya da mahaifiyata, Inna. Ta tsufa tukuf amma hankalinta garau, ko tari na yi a soro sai ta aiko a tambaya. Mu biyu ta haifa maza, ni da ƙanena Kabiru.

Tun muna cikin jihar Kaduna aka tura ni koyarwa wata firamare a Dutsin-Ma, aka ba ni kula da wasanni. Lokacin jini na tafasa, ga usur a wuya, ina jin ba kamata. Na ɗauko Kabiru ya zauna wurina, yana aji bakwai, dogo siriri, in ya zuba da gudu ba mai shan gabansa. Gasar makarantu ta matso, na ƙwallafa rai sai ya ciwo mana kofi. Mu a lokacin abin da muka sani shi ne mai gudu ba ya shan ruwa, wai ciki zai yi nauyi, kuma atisayen tsakar rana shi ke gina jarumi. Haka aka koya mana, haka na koyar.

Ranar wata Laraba bayan an tashi, ya same ni ya ce ƙirjinsa na yi masa zafi tun jiya, har jiri yake gani, in bar shi ya huta. Na ce ragwanci ne, na yi masa tas a gaban yara, na ce ba zai kunyata ni ba don yana ƙanena. Na kora su kan hanyar Kurfi, ina bin su a keke. Sau biyu yana tsayawa yana dafe ƙirji, sau biyu ina hura masa usur. Ya roƙi ruwa, na ce sai an dawo. A na uku bai tsaya ba, faɗuwa ya yi. Kafin mu kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Da na kawo gawa gida, cewa na yi yana cikin gudu lafiya lau ya yanke jiki. Ban ƙara ko kalma ba. Inna ta riƙe hannuna a gaban 'yan gaisuwa ta ce gudu ya cinye mata ɗa, duk jininta da ya sake yin gudu ko wani tsalle-tsalle ba ta yafe ba. Na ajiye usur tun ranar. Shekara arba'in da wani abu ke nan, daga kujera sai babur, daga babur sai tabarma.

To yanzu jiki ya kawo ƙara. Hawan jini, suga, ga teɓa, in na hau matakalar masallaci sai na tsaya ina haki. Likita a Dutsin-Ma ya ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba, zuciyata na buƙatar tafiya mai ɗan sauri, kamar rabin awa kusan kullum. Ya ce in fara kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya, in riƙe gorar ruwa, kada saurin ya kai in kasa magana. Sai ya ƙara da cewa duk sanda na ji zafin ƙirji ko jiri in tsaya nan take, wannan ba abin jarumta ba ne. Wallahi ji na yi kamar ya kwaɗa mini mari. Na fito na zauna a kan benci na yi kuka kamar yaro.

Na gwada. Kwana shida ina fita bayan asuba, har barcina ya fara daɗi. A na bakwai wata maƙwabciya ta shigo da surutunta, wai ta ga Malam yana zabga sauri bayan gari yana zufa. Inna ta kira ni, ta yi kuka, ta ƙi cin abinci har la'asar. Na yi mata bayanin likita, ta ce likitan bai taɓa wanke gawar ɗansa ba. Ta ce tafiya masallaci da kasuwa ta yarda, amma duk tafiyar da za ta sa ni haki, maganarta na nan daram. Na tambayi malaminmu, ya ce ba a biyayya a abin da zai cutar da rai. Na ji, amma ƙafata ta ƙi ɗauka. In na sa takalmi sai in ji muryarta.

Hanya ɗaya na gani da za ta janye. In zauna in gaya mata ba gudu ya kashe Kabiru ba, yaron ya faɗi ciwonsa, ya roƙi hutu, ya roƙi ruwa, ni na hana. Sau uku ina shiga ɗakinta da niyya, sai in tarar tana jan carbi tana sa mini albarka, in gaishe ta in fito. Tsohuwar da ba ta da kowa sai ni, anya zuciyarta za ta ɗauka? In ma ta ɗauka, da wane ido za ta riƙa kallona?

Gwajin makon jiya ya fi na baya muni. Likita ya tambaye ni ko ina tafiyar, na ce eh.

Jama'a, ni dai na rasa tudun dafawa. In faɗa mata ta san wanda ya kashe mata ɗa yana kwana a gidanta, ko in ja bakina in zauna, ta binne na biyu? Wanne za ku zaɓa mata?