An ciro injin taraktar Baba

Assalamu alaikum, Yaya. Ya aiki, ya iyali, ya zaman nesa? Mu nan Gazawa sai godiya.

Ranar kasuwa aka ciro injin taraktar Baba, tunda gyara ya gagara. Duk da idonsa ya rufe, ya sa aka fito da shi bisa tabarma. Shi ya ce a tokare tayoyi, a tsiyaye mai, a rataya sarƙa a ƙarfe ba reshen gawo ba, kuma kar kowa ya tsaya ƙarƙashi. An sauke lafiya.

Na ja shi zuwa wurin, ya daɗe yana laluba inda injin yake. Tun ranar bai ƙara tambayata ko hadari ya haɗu ba.

Ka sa shi a addu'a, Yaya. A gaida yara.

Ƙanwarka.