Wai Na Ƙirƙiro Sabuwar Salla

Malam Maitama,

Ina roƙon ka taimake ni da shawara, domin kaina ya ɗaure. Ni tsohon hedimasta ne. Tun da na ajiye aiki na koma gida Bakori, hawan jini da ciwon gwiwa da rashin barci suka sa ni gaba. Bara a Funtuwa na saba da wani injiniya ɗan ƙasar Sin mai gyaran injinan gurzar auduga. Shi ya koya mini wani motsa jiki nasu mai suna taici: mutum ya tsaya, ya ɗan rusuna, ya riƙa tafiyar da hannuwa a hankali kamar mai ture ruwa, yana daidaita numfashi. Ya ce da sassafe ake yi, ana fuskantar mafitar rana. Ni kuwa ba na ƙara wa ƙa'ida, ba na rage mata. Gwiwar ta yi sauƙi, barci ya dawo, har mai ɗakina Hansai ta shaida na rage faɗa.

To, katangar gidana gajeriya ce. Masu sammakon gona suna hango ni bayan asuba, fuskata gabas, hannuwa sama, ga rusunawa babu sujada. Yanzu gari ya ɗauka wai na ƙirƙiro sabuwar salla, a wannan zamani da kowa ke tsoron baƙuwar aƙida. Liman Shitu, wanda ni na koya wa riƙon fensir, ya daina miƙo mini hannu. A sahu, na kusa da ni sai ya bar tazara. Ɗana Maharazu ya ce ko in daina, ko ya nemo malamin da zai yi mini tofi. Na gwada dainawa, ciwon ya dawo. Injiniyan kuma ya koma ƙasarsu, balle in tambaye shi ko gabas ɗin wajibi ce. Ko dai akwai bauta a ciki ban sani ba? Lafiyata zan bari, ko mutuncina a masallaci?

Tsohon Hedimasta, Bakori

Ranka ya daɗe,

Kwantar da hankalinka. Yadda ka bayyana abin, ban ga bauta a ciki ba, tunda ba ka yi niyyar ibada ba, ba ka kuma ambaton kowa. Amma kada ka ga laifin jama'a. Duk wanda ya ga dattijo ya dubi alƙibla da asuba ya ɗaga hannuwa, salla zai fara kawowa a ransa. Injiniyan nan, a ganina, ɗumin rana ya nufa. Bai san abin da gabas take a wurinmu ba.

Kada ka jira Liman ya zo. Ka tafi da Maharazu ka same shi da rana tsaka, ka yi motsin a gabansa, ka nemi fatawarsa. Sannan ka mayar da motsin zuwa hantsi, kada kuma ka bar shan maganin asibiti. Na san ba ka son taɓa ƙa'ida, amma wannan karon ka daure ka juya kudu. Gwiwa ba ta san gabas ba.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Malam Maitama