Hoton Tuffa da Zuma

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya yara?

Ke kaɗai na tura wa hoton nan da nake cin tuffa da zuma. Rahel, Bayahudiyar ajinmu, ta kawo tuffa da zuma, don a sabuwar shekararsu sukan tsoma tuffa a zuma saboda shekarar ta yi daɗi. Ta ba ni, na yi bisimilla na ci. Shi ne kika ce wa Baba na fara bin addininsu? Jiya ya dawo daga kasuwar Tianxiu ya ce zai cire ni daga makaranta, ga jarrabawa ta matso.

Ki kira shi ki gyara abin da kika ɓata. Ki gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Ke kuwa, ba za ki sake ganin hotona ba.

Ƙanwarki,
Safiya