Kumfata Ce, Amma Mijina Aka Tafa Wa

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin zuciya ta sa in yi aika-aika.

Ni da mijina ɗakin bincike ɗaya muke, ƙarƙashin farfesa ɗaya. Aikina shi ne in zuba ƙurar zinare, wadda ido ba ya gani, cikin ɗigon ruwa, in haska mata siririn hasken leza. Da zinaren ya ɗau zafi sai wata 'yar kumfa ta ɓullo, ko kaurin gashi ba ta kai ba. To kumfar nan ba ta jin magana, inda ta ga dama take nufa. Wata da watanni ina duƙe a ɗaki mai duhu, wuyana ya sage, ko tari ba na yi don kada teburin ya motsa. Rannan na gano cewa in na karkatar da hasken gefe kaɗan, sai ta biyo shi kamar akuya ta ga dusa. Na ɗauki bidiyo, na ruga da murnata na nuna wa wa? Shi!

Ranar taron sashe, bawan Allahn nan ya haska bidiyona a bango, wai shi ya lura da abin. Farfesa har da tafi. Ina zaune a layin gaba fa, Anti! Da muka koma gida, wai ai ni da shi duk ɗaya ne, kuma shi ya saita na'urar. Yayata ma cewa ta yi in yi haƙuri, ɗaukakarsa tawa ce. To in haka ne, ina sunana a jikin digirinsa? Yanzu za a rubuta takardar binciken da sunansa a farko, alhali da wannan aikin zan kare nawa digirin. Wallahi ji nake kamar in miƙe a taro na gaba in tona masa asiri.

Mai Kumfa

Ƙanwata, fushinki yana bisa gaskiya. Aure bai mayar da guminki nasa ba, yayarki ta gafarce ni. Sai dai saita na'urar ma aiki ne, ki ba shi haƙƙinsa. Wataƙila kuma tafin ne ya ɗebe shi, yanzu kunyar gyarawa ta riƙe shi.

Kada ki tona shi a taro, domin bayan an watse mota ɗaya za ku shiga. Ki zaunar da shi ku biyu, ki bar tono tsofaffin laifuka, ki nemi abu ɗaya: ya je wurin farfesa ya gyara da bakinsa kafin a fara rubutu. In ya ƙi, ki faɗa masa ido da ido cewa za ki je da kanki, sannan ki je.

Ke kika fi kowa sanin abin da zafi kaɗan yake yi in an saita shi wuri ɗaya. Allah ya daidaita ku, ya sa mu ga sunanki a farko.