Wasan taubasai ne, ku mayar da Garba bakin karatunsa

Zuwa ga Shugaban makarantar da ke koyar da tuƙin jirgi mai saukar ungulu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali. Sunana Isiyaku, daga Zandam ta ƙasar Gwaram. Garba, wanda kuka dakatar ana gab da gwada shi ya zama mai koyar da matuƙa, ɗan kawuna ne, wato taubashina. Da kunya nake wannan rubutu, don bakina ne ya jawo.

Na farko, ga yadda aka yi. Bayan girbin gero, Garba da malaminsa Bature suka sauko da jirgi a filin bayan garinmu, kowa ya fito kallo. Na ga mutumina ya ƙame cikin kakinsa, sai bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ɗaga murya na ce wannan da ko rumbu ya hau jiri ke ɗibarsa, har ya taɓa faɗowa daga kuka ya suma, shi ne zai koya wa 'ya'yan mutane tashi sama? Aka yi dariya. Ashe Baturen yana jin Hausa, ya kai muku maganar, kuka dakatar da Garba.

Na biyu, ƙarya ce. Wanda ya faɗo daga kuka ni ne, Garba ne ma ya goyo ni gida.

Na uku, an ce hujjarku ita ce bai musa ba, murmushi kawai ya yi. Ranka ya daɗe, a wajenmu taubashi ba ya fushi, ba ya tsayawa rantsuwa, ramawa yake yi da wadda ta fi zafi. Da mu kaɗai ne, da ya tsige ni tas. Girman malaminsa ne ya rufe masa baki, kuka ɗauki ladabi a matsayin amsa laifi.

Na huɗu, a nan kukana yake. Ba ku kira likita ba, ba ku tambayi Dagaci ko mahaifinsa ba. Maganar Isiyaku, wadda ko yaran Zandam ba sa ɗauka, ita ce ta zama shaida a babbar makaranta?

Yanzu Garba yana gida, yana taya kawu sussuka. Bai zage ni ba, gaishe ni yake yi da ladabi kamar baƙo. Innata kuwa ta kasa taka gidan ɗan'uwanta.

Roƙona, likitanku ya duba shi, a mayar da shi kafin gwajin ya wuce. In akwai hukunci, ga ni. Zan zo da Liman in maimaita wannan a gabanku, ba dariya.

Allah ya ƙara maka girma, ya sauke jiragenku lafiya, ya tsare ka da dangi mai baki irin nawa.

Wassalam.

Isiyaku, Zandam