Na Gaji Gonar Kawuna, Ɗansa Zai Bar Gida

Mama Nange, don Allah ki ba ni shawara kafin a gama tsinkar gahawar bana, don da an ɗaure buhun ƙarshe zan rasa ɗan'uwana, kuma ni na jawo.

Ni mutumin Kom ne. Gonarmu tana can saman garin Belo, a kafaɗar dutse, inda ƙasa take baƙa wuluk saboda tsohon aman wuta, gajimare kuma yana sauka har cikin shuka. Bara kawuna ya rasu. Kamar yadda aka saba a wurinmu, ni ɗan ƙanwarsa aka zaunar a kujerarsa, aka sa mini hularsa, aka miƙa mini ƙahon da yake sha da shi. Gida da gona suka dawo hannuna, 'ya'yansa suka zama 'ya'yana. A cikinsu har da Tubuo, wanda ya girme ni, wanda a bayansa na fara hawa dutsen nan. Taubashina ne, duk Belo an san bakinmu ba ya hutawa. Shi ya ce mini Ɗan Birni, wai ƙafata ba ta san taɓo ba, ni in ce masa Kunkuru, saboda tsinkarsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa.

Kada ki ɗauka a dafe na tarar da komai. Ni na nemo masu saye daga waje, irin waɗanda sai sun ɗanɗana suke magana. Ni na hana a zuge reshe gaba ɗaya, na ce jajayen da suka nuna kaɗai. Ni na kafa gadajen shanya, har kawu yana cewa na mai da gahawa jaririya. Amma gaskiya ɗaya ce, fegin can ƙoli Tubuo ne ya dasa shi, a kansa ya riƙa hawa da dashen. Sanyin wurin yana sa 'ya'yan su nuna a hankali, zaƙinsu daban ne. Shi muke gaurayawa da na ƙasa ya ɗaga darajar sauran.

To, ranar taron gida, ga dattawa a zaune, sai Tubuo ya ce, "Ɗan Birni, ka bar mini na ƙolin nan in shanya daban mana, ko sau ɗaya a ga sunan Kunkuru a jikin buhu." Aka yi dariya. Ni kuwa raina ya ɓaci. Eh, na ji tsoron kada sauran gahawar ta faɗi idan aka ware tasa. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, abin da ya fi ƙona ni shi ne sunan nan na Ɗan Birni, a gaban dattawa, ga hula a kaina. Na ɗaga ƙahon na ce, "Wa kake kira haka? Da uban gidan nan kake magana."

Tubuo ya tashi ya rusuna, ya tafa hannu, ya haɗa tafukansa, na zuba masa bammi daga ƙahon kamar yadda uba ke yi wa ɗa. Ya shanye ya ce, "Na gode, Baba."

Tun ranar ban ƙara jin wasa a bakinsa ba. Kome na ce, "Yadda ka ce, Baba." Da gangan na faɗi wani shirme kan wanke gahawa don ya musa mini, ya ce, "Yadda ka ce, Baba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Yanzu matarsa Fien ta tare ni ta ce ya samu aiki a gonakin tumatir na Foumbot, ana gama tsinka zai tafi. Mutumin da aka haifa a gonar nan! Na je wurin mahaifiyata, ta ce, "Kai, kada ka soma yanka masa ko taku ɗaya na gonar nan. Gonar ba taka ba ce, ajiya ce, ɗan ƙanwarka kake riƙe wa." Na kasa haɗa ido da shi, na kasa hawa ƙolin. Kunya nake ji, kuma na san na yi ba daidai ba. Yaya zan yi?

Magaji mai nauyin zuciya, Belo

Ɗana Magaji,

Ba zan rage maka ba, ka yi kuskure, amma irin wanda ake gyarawa ne idan ba a tsaya jan ƙafa ba.

Mahaifiyarka tana da gaskiyarta, ajiya kake riƙe da ita. Tsoronka game da sauran gahawar ma ba na banza ba ne, kuma Tubuo da ya same ka ku biyu da ya fi. Sai dai ka duba abin da ya roƙa. Bai nemi ƙasa ba, sunansa ya nema a kan abin da hannunsa ya dasa. Al'adar da ta ba ka gona ita ce ta mai da kai ubansa, kai kuwa ka ɗauki ikon uba ka bar nauyinsa.

Gobe ka ajiye hula da ƙaho a gida, ka ɗauki kwando ka same shi a ƙoli. Ka ba shi haƙuri a fili, ban da "amma". Sannan ka maimaita a gaban dattawan nan, don a gabansu ka kunyata shi. Ka tuntuɓi masu sayen gahawarka, irinsu sukan yi maraba da gahawar fegi ɗaya da sunan manominta. Ko da sauran za ta ɗan sauka bana, ka jure. Maganar mallaka masa fegin kuwa, kada ka yanke kai kaɗai, ka zaunar da mahaifiyarka da dattawa, ai uba yakan ba ɗansa wurin noma tun yana raye.

Yana iya yafewa kuma ya tafi. In haka ta faru ka raka shi da alheri, kada ka sake ɗaga ƙaho don ka tsayar da shi.

Ba ka gaya mini ko kana da ɗa ba. In kana da shi, wata rana shi ne Tubuo, kuma wanda zai gaje ka abin da ya ga ka yi shi zai yi masa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya yi wa kakar bana albarka.

Mama Nange